Yadda ake ɗauke rubutun fotokofi a mayar da shi kan katako ko ƙarfe

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan allon sanarwa, wato alamar da ake kafawa a gona, ko a garka, ko a ƙofar ɗakin ajiya.

Duk wanda ya ratsa garakun Jiratawa, ko fadamar Gulbin Maraɗi wajen Safo da Sarkin Yamma, a lokacin noman rani, zai ga fangali na bin fangali: zogale, tumatir, albasa, tonka. Amma da wuya ya ga wata alama da ke nuna wane fangali aka yi wa feshin maganin ƙwari jiya, wane ne kuma ya yi kwanaki ba a taɓa shi ba. Mai garka ya sani. Matarsa da ta zo tsinkar ganyen miya ba ta sani ba. Yaron da ya kawo abinci, ya ga tumatir ya yi ja, shi ma bai sani ba.

Da yawa daga cikinmu sun gwada rubuta sanarwa. Wani ya rubuta da bik a kan kwali, raɓa ta jiƙa shi, akuya ta cinye saura. Wani ya rubuta da gawayi a kan katako, ruwa ɗaya ya wanke. Wanda ya kai wa mai fenti aiki ya sami abu mai kyau, amma kuɗin allo ɗaya ya hana shi yin na biyu. Ga kuma wanda bai daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Hannunsa ya saba da ƙananan baƙaƙe a littafi, amma manya waɗanda za a hango daga nesa suna karkace masa.

To, akwai wata hanya. Rubutun da na'urar fotokofi ta buga a takarda, ana iya ɗauke shi ɗungurungum a mayar da shi kan katako ko ƙarfe. Kayan aikin kuwa ba su wuce dutsen guga da ruwa da haƙuri ba.

Me ya sa rubutun fotokofi ke tashi?

Dalili shi ne, wannan rubutu ba tawada ba ne. Tawada ruwa ce, takarda tana shanye ta. Abin da ke cikin na'urar fotokofi kuwa gari ne busasshe, baƙi wuluk, mai laushi ƙwarai. Sunansa tona. Ba tona irin ta tona rami ba, suna ne na Turanci da ya yi kama da namu. Garin tona roba ce aka niƙa, aka gauraya ta da baƙin launi dangin kunkunniyar fitila. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ainun. In an jera guda 10, kusan kaurin gashin kai ɗaya za su yi.

Ga yadda garin ke zama rubutu. A lokacin ɗari, ku goga bututun bik a gashin kai ko a riga, ku kusanta shi da ƴan gutsattsarin takarda. Za ku ga sun yi tsalle sun manne masa. Irin wannan ƙarfin jan ne na'urar ke aiki da shi. A cikinta akwai wani bututu mai juyawa. Haske yana zana siffar baƙaƙe a jikinsa, garin tona ya manne a inda aka zana kaɗai, sa'an nan ya sauka a kan takarda. Daga nan takardar ta bi ta tsakanin wasu gammo biyu masu matsi da zafi, zafin da ke kai wajen digiri 200, wato ninki biyu na zafin tafasasshen ruwa. Robar ta narke, ta kama bayan takarda, ta daskare. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi, kamar an sauke ta daga tanda.

Wani Ba'amurke mai suna Chester Carlson ne ya gano wannan dabara. Ranar 22 ga watan Oktoba na 1938, a wata unguwa ta birnin New York, aka goga hankici a kan faifan ƙarfe da aka shafe da farar wuta, aka fitar da kwafin farko. Kamfanoni da dama sun ƙi sayen dabarar. Sai a 1959 kamfanin Xerox ya fitar da na'urar da ta bazu a ofisoshin duniya. A farkon shekarun 1970 kuma wani ma'aikacin kamfanin, Gary Starkweather, ya haɗa ta da hasken leza, aka sami na'urar da ke buga takarda kai tsaye daga kwamfuta. Ita da na'urar fotokofi duk tona suke ci.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne: tunda robar ba ta shiga cikin takarda ba, a bayanta kawai take zaune, in ta sake jin zafi za ta sake narkewa, ta kama duk abin da aka danna ta a kai. Kuma ruwa ba ya narkar da roba. Baƙin launin ma yana jure rana fiye da tawadar bik.

A lura, ba kowace na'urar buga takarda ce ke aiki da tona ba. Akwai masu fesa tawada, waɗanda aka fi buga hotuna masu launi da su. Rubutunsu ba ya yin wannan aiki. Gane su ba wuya. Ku jiƙa yatsa ku shafa a kan baƙi ɗaya. In ya dame, tawada ce. In bai motsa ba, tona ce.

Abin da za a faɗa wa mai fotokofi

A nan ne aikin yakan lalace tun ba a fara shi ba, saboda haka mu tsaya a kai.

Takardar da aka buga, kifa ta za a yi a kan katako, fuska da fuska. Abin da ke dama zai koma hagu, na hagu ya koma dama. Don haka tilas a buga rubutun a juye, kamar yadda yake bayyana a madubi. Masu shagunan buga takarda a Maraɗi da Madarunfa da Ɗan Isa suna iya juya shi a kwamfuta. Ku ce musu bugun madubi kuke so. In aka miƙo muku takarda kuka ga kuna karanta ta sarai, to ba a juya ba, kada ku karɓa.

Wanda ya yi aji ya san wahalar da b da d suka ba shi a watannin farko. A madubi b yakan koma d, d kuma ya koma b. In an manta da juyi, ba baƙaƙen kaɗai ke rikiɗa ba, kalmar ma daga ƙarshenta za ta faro. Hanyar tabbatarwa ita ce a ɗaga takardar sama, a sa ta tsakanin ido da rana, a karanta ta ta baya. Yadda kuka gan ta a nan, haka za ta fito a katako.

Sai baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ba kowane mai shago ne ya san inda suke a kwamfuta ba, wani kuma gani yake yi ba su da muhimmanci. Ku tsaya a kan a sa su. Allon da aka rubuta HAƊARI yana gargaɗi ne. Wanda aka rubuta HADARI albishirin ruwan sama yake yi. In sun gagara, a gyara kalmar, a rubuta HATSARI, ko GUBA, waɗanda ba su da lanƙwasa. Ba za a iya ƙara lanƙwasar da bik a takarda ba, domin tawadar bik ba za ta tashi tare da tona ba. Sai dai a ƙara ta da fenti bayan an gama.

Ku nemi manyan baƙaƙe masu kauri, kuma a buga da baƙi sosai, kada a yi tsimin tona. Siririn baƙi tsinkewa yake yi. Bugun yau ya fi na bara tashi. In mai shago ya yarda, a buga a kan takarda mai santsi, irin ta mujallu masu ƙyalli, domin ta fi sakin tona. Wani ba zai yarda ba don tsoron kada ta maƙale masa a na'ura, kuma yana da gaskiyarsa. Farar takarda ta kullum ma tana yi a katako, sai dai rubutun ba ya kai na mai santsi baƙi.

A kan katako

A sami katako busasshe mai hasken launi. A goge fuskarsa da takarda mai yashi ta kafintoci har ta yi sumul, a share ƙurar. Duk inda katako ke da rami ko tudu, tona ba za ta sauka ba. Katakon bedi ya fi wasu jure gara. Katakon da aka riga aka shafa wa mai ko fenti ba ya karɓa da kyau.

A kifa takardar, a kama gefe ɗaya da ƙananan ƙusoshi ko salatif don kada ta goce. In ta goce ko kaɗan, baƙaƙen za su fito biyu-biyu. A sa dutsen guga ya yi zafi irin na gugar shadda. In na lantarki ne, a zubar da ruwan cikinsa, domin tururi ɓata aikin yake yi. In na gawayi ne, a bari garwashi ya kama sosai, a goge gindinsa, a gwada shi a kan wata takarda. In ta yi ja nan take, zafin ya yi yawa, a jira kaɗan.

Ba guga irin ta tufafi ake yi ba. Dannawa ake yi da nauyin jiki, a tsaya kaɗan, a matsa gaba, a sake dannawa. Bayan haka a bi kowane baƙi da bakin dutsen. Takardar fotokofi guda takan ci ƴan mintoci. A ɗaga kusurwa ɗaya a leƙa tun da sauran zafi. Inda bai kama ba, a mayar a ƙara dannawa. In ya yi, a ɓare takardar a hankali kafin ta huce.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku sayo kwafi biyu ko uku, ku fara da guntun katako. Kowace takarda sau ɗaya take aiki.

A kan ƙarfe

Ƙarfe ya fi katako daɗewa a fili, kuma gara ba ta san shi ba. Ana iya amfani da shimfiɗaɗɗen langa-langa, ko gwangwanin da aka buɗe aka daddale. A lanƙwashe bakinsa don kada ya yanki yaro. A goge shi da takarda mai yashi, a wanke da sabulu, a shanya. Kada yatsa ya sake taɓa fuskar, domin maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana tona kamawa.

A ɗora ƙarfen a kan katako, a kifa takarda, a danna da dutsen guga kamar minti 3 zuwa 5. Ƙarfe yana ɗaukar zafi ƙwarai, sai a riƙe shi da tsumma. Bambancinsa da katako shi ne, a nan ba a ɓare takarda da zafi. A bar shi ya huce, a tsoma shi a ruwa har takardar ta jiƙe sharkaf, sa'an nan a murje ta da yatsa sannu a hankali. Takarda za ta tafi, rubutu ya zauna. Masu haɗa kayan rediyo a ƙasashe da dama da wannan dabara suke zana hanyoyin wuta a kan faifan tagulla.

Wanda ba shi da dutsen guga

Akwai hanyar da ba ta buƙatar wuta, kuma ita muka fi so ga ƙungiyoyin mata da ke aiki da yara a kusa. A shafa farin gam na kafinta a kan katako, shafi ɗaya marar kauri. A kifa takardar, a bi ta da bayan cokali don iska ta fita. A bar shi ya kwana ya yini. In ya bushe ƙaƙas, a jiƙa tsumma kaɗan a dausasa bayan takardar, a murje ta da yatsa. Kada a yi yawan ruwa, domin gam ɗin zai saki, ya tafi da rubutun.

Za ku ji wasu na cewa a shafa asiton, wato ruwan goge jan farce, ko diliyan da masu fenti ke tsinka fenti da shi. Gaskiya ne suna narkar da tona, kuma aikin yana sauri. Amma mu ba mu ba da shawararsu ba. Tururinsu yana sa jiri da ciwon kai, kuma yana kama wuta daga nesa, ba sai harshenta ya taɓa ruwan ba. Mafi muni shi ne a ce guga ba ta kama da kyau ba, bari a ƙara da asiton, alhali ga garwashi a gefe. Wanda ya ga lalle sai ya yi amfani da su, ya yi a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da taba da dutsen guga. Mace mai ciki da yara su nisanci wurin. Esansi kuwa kada ma a kawo shi.

Ko ta wace hanya aka bi, allon da zai zauna a fili yana son a shafe shi da man ƙyallin katako, wato barnish. A fara gwadawa a guntu, domin wani barnish ɗin yana narkar da tona. A shafa shi sama-sama, kada a riƙa kai da komo da burushi. Ba mu ce allon zai dawwama ba. Rana da ruwan damina suna cin komai. Amma zai kai ku girbi, kuma sabunta shi ba ya wuce kuɗin kwafi ɗaya.

Inda ba a sa shi

Roba ba ta shiri da dutsen guga. Buhun leda da ake zuba hatsi da taki narkewa yake yi. Haka buhun PICS mai riɓi uku da muke adana wake a ciki. Shi aikinsa hana iska shiga, don ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Huda ɗaya ta lalata shi. Jarka ma haka. Ga irin waɗannan, a yi ɗan ƙaramin allo a ɗaura da igiya a bakin buhu.

A kan yadin auduga rubutun yana kamawa, amma yana tsattsagewa, wanki kuma yana cin sa. Ya isa tutar taro, bai isa riga ba.

Kada a sa tona a cikin ƙwarya, ko akushi, ko katakon yanka nama, ko wani abu da abinci zai taɓa. Kada kuma a sa ta a allon da ake wankewa a sha. In garin tona ya zube a shago, kada a hura shi, kada a share shi da tsintsiya ya tashi a shaƙa. A kwashe shi da jiƙaƙƙen tsumma. In ya taɓa hannu ko riga, a wanke da ruwan sanyi. Ruwan zafi narkar da shi zai yi ya kama zare.

Me za a rubuta?

Allon da muka fi ganin buƙatarsa shi ne na feshi. A buga layi biyu: AN YI FESHI RANAR, sai a bar fili. KADA A TSINKA SAI RANAR, sai a bar fili. Kwanan watan a rubuta shi da alli ko gawayi, a goge a sake duk sa'ad da aka yi sabon feshi. Kowane magani yana da adadin kwanakin da ake jira kafin a ci abin da aka fesa wa. Adadin yana rubuce a takardar da ke jikin kwalba, kuma ya bambanta daga magani zuwa magani. Wanda bai iya Faransanci ko Turancin da ke jiki ba, ya kai wa malamin gona ya karanta masa. Ganye irin zogale da ake tsinka a kai a kai, a kai kasuwa washegari, shi ya fi kowane buƙatar wannan allo.

A haɗa da hoto, domin ba kowa ya yi aji ba, kuma makiyayin da ke wucewa ba lalle ne ya karanta boko ba. Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye shi ne alamar guba a duniya duka, kuma tona tana ɗauke hoto kamar yadda take ɗauke rubutu.

Na biyu shi ne allon akwatin magani. Maganin feshi, da piya-piya, da ƙwayar fostoksin, da maganin ɓera, duk wurinsu akwati mai kwaɗo, nesa da ɗakin kwana da rumbu. A buga GUBA a murfinsa. Amma allo ba ya maye gurbin takardar da kamfani ya manna. A jikinta akwai zanen launi a ƙasa: ja shi ne mafi hatsari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Kada a juye magani a kwalbar lemo ko ta ruwan sha, ko da an yi mata alama. Yaro kwalba yake gani, ba rubutu ba. A ƙasan allon a ƙara wannan: IN AN SHA, A TAFI LIKITA DA KWALBAR. Kada a sa wanda ya sha ya yi amai, kada a tsaya ba shi nono ko mai. Sunan da ke jikin kwalba shi zai nuna wa ma'aikacin lafiya abin da zai yi.

Na uku shi ne allon iri. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tana da tasha a Tarna kusa da Maraɗi, kuma sunayen irin da ake rarrabawa baƙaƙe ne da lambobi, kamar hatsin HKP da waken TN5-78. Irin waɗannan sunaye ba su zama a ka. A gonar gwaji, in shuka ta fito, ganye duk ɗaya ne a ido. Manomin da ya kafa allo mai sunan iri da ranar shuka a bakin kowane yanki, shi ne zai iya faɗin wanne ya riga nuna, wanne ya fi cika tiya, wanne zai ajiye don baɗi.

Ƙungiya ko ajin karatu za su iya haɗa kuɗi. A zauna a aji a tsara kalmomin tare, malami ya duba rubutun, mutum ɗaya ya tafi gari ranar kasuwa ya bugo wa kowa. A shafi ɗaya ana iya jera ƙananan alamun iri shida ko takwas, a yanka su da almakashi. Takardun a sa su cikin littafi a hanya, kada a naɗe su, domin tona tana karyewa a inda aka lanƙwasa.